Sunan da Hannuna Ya Ƙi Rubutawa

Shekara goma sha takwas na yi ina buga tafireta kafin a ajiye kwamfuta a gabana, kuma ni ban roƙi kowa ya kawo ta ba. Sojoji sun koma bariki, farar hula sun hau, kowane ofis sai sabon fenti da sabon labule. Mu ma a namu ofishin na Wudil aka sauke mana kwalaye uku, aka ce duk akawun da bai iya ba ya nemi gona. Ina da gona a Darki, amma na san abin da take bayarwa, don haka na sunkuyar da kai na shiga aji da furfurata.

Malamin da aka ɗauko mana daga Kano yake zuwa, Talata da Alhamis bayan azahar. Dogo ne, marar fara'a, mai saurin magana kamar zai bar gari. Mu takwas muka fara. Sauran da suka iya buga wasiƙa sai suka ce ya ishe su, ni kuwa da shegen taurin kaina na ce sai na ga hanjin abin. Da ya ga na nace, sai ya riƙa tsayawa da ni rabin awa bayan an tashi, yana koya mini yadda ake rubuta wa na'urar umarni da wani harshe da aka raɗa wa sunan mesa. Na tambaye shi me ya haɗa maciji da aikin ofis, ya ce in bar tambayar banza in buɗe littafina.

Abu biyu na riƙe da kyau daga wurinsa. Na farko sitirin. Sitirin rubutu ne kawai, haruffa a jere tsakanin alamun zance, kamar 'ya'yan carbi a zare. Kana iya yanka shi, ka liƙa shi da wani, ka share sararin da ke gefensa, ka mayar da shi manyan baƙaƙe. Na'urar ba daga ɗaya take fara ƙirga haruffan ba, daga sifili take farawa, kuma wannan kaɗai sai da ya ci mini mako guda ina tsaki. In ka ba ta sitirin biyu ka ce ta gwada su, harafi da harafi take bi, ko ɗigo ne ya bambanta sai ta ce ba ɗaya ba ne. Malamin ya sha gaya mini cewa ita ba ta san mutum ba, rubutu ta sani.

Na biyu tuful, kuma shi ne ya tafi da hankalina. Ka ɗauki abubuwa biyu ko uku, misali sunan mutum da na ubansa da mazaɓarsa, ka raba su da waƙafi, ka rufe da baka gaba da baya. Shi ke nan ka ƙulle. In ka dawo ka ce a cire na tsakiya a sa wani, sai ta watso maka jan rubutu ta ƙi. Na gwada ya fi sau goma, ina lallaɓa ta ta nan ta can, ta ƙi. Ni da na ƙare ƙuruciyata da kwalbar farin ruwan shafe kuskure a aljihu, ina goge sunan wani ina ɗora na wani saboda wani babba ya leƙo ya ce a gyara, wallahi sai na ji kamar na haɗu da mutumin kirki na farko a aikin gwamnati. Na tambayi malamin, to in an yi kuskure fa? Ya ce, "Sai ka ƙulla sabo ka yar da tsohon. Layi ɗaya ne." Na rubuta wannan a gefen littafina, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Ana haka wasu manyan yankinmu suka kafa gidauniya, za su ɗauki nauyin yara ashirin zuwa jami'a har su gama. Aka ce jarrabawa za a yi, wanda ya ci ya ci. Aka naɗa kwamiti, aka ɗora wani dattijo tsohon ma'aikaci a kai, ni kuma aka ba ni sakatare tunda ni ne mai kwamfuta. Sunaye suka fara zuwa daga mazaɓu a takardun makaranta, wasu da biro wasu da fensir, daga Indabo da Darki da Ɗankaza da cikin gari, kusan ɗari uku. Tun ba a sa ranar jarrabawa ba manyan riguna suka fara sallama a ƙofata. Wannan ɗan yayarsa, wancan ɗan wanda ya yi masa wahala a zaɓe. Na san irin wannan sallamar tun ina ƙaramin akawu, kuma na san inda take ƙarewa.

Sai na yi dabara. Duk wanda ya zo sai in ba shi kujera kusa da ni, in ƙulla tuful a gabansa da sunan da ya kawo, in ce ya zuba ido, in nemi canza suna ɗaya. Jan rubutu ya fito. In buɗe hannu in ce, "Ranka ya daɗe, ka gani da idonka. Ba ni ba ne, ita ce ba ta yarda." Su kalli allon, su kalle ni, su tattara riga su fita suna tsine wa Bature. Labari ya bazu har kasuwar Juma'a cewa an kawo na'urar da ba ta jin alfarma. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har wani taku na riƙa yi a hanyar masallaci.

Cikin masu nema akwai ɗana na fari, lokacin yana da shekara goma sha tara. Yaro ne shiru-shiru, mai son lissafi, kuma likita yake son zama tun yana ƙarami. Albashina ba zai kai shi nan ba, ni na sani shi ma ya sani, don haka wannan gurbin shi ne ƙofarsa. Sunan mahaifina ya ci, domin tsohon ya rasu wata biyu kafin a haife shi. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kaina, ga ɗan fari ga sunan uba. Ranar suna ƙanina ne ya raɗa wa liman. Shi ne kuma ya kai shi firamare ya rubuta shi, shi ya cike takardun sakandare. A gida da laƙabin da ake yi wa duk wanda ya ci sunan kakansa muke kiransa, ni da uwarsa da kowa. Sunan nan na buga shi a tafireta sau ba adadi, na wasu mutane, ina kwafa daga takarda, wannan aiki ne. Amma in ɗora shi a kan ɗana, da bakina ko da hannuna, ban taɓa ba.

Da aka buɗe karɓar sunaye ya tambaye ni inda zai kai nasa. Na ce ya je ya yi karatunsa, ubansa ne sakatare, takardar me zai kawo? Kwana biyu na yi ina shigar da sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro tuful ɗinsa, suna da sunan uba da mazaɓa. Da na gama takarda ta ƙarshe bayana ya ƙage, ana kiran la'asar, na tuna saura nawa. Na buga shi da ka. Wa yake duba takarda don ya rubuta ɗansa? Yatsuna suka buga abin da bakina ya saba faɗa. Na kashe na'ura na tafi salla, ko a jikina.

Umarnin da na rubuta bai kai layi talatin ba, kuma na fi alfahari da shi a kan duk abin da na taɓa yi. Malaman da za su duba jarrabawar za su kawo sakamako a faifai, da sunan da kowane yaro ya rubuta a takardar amsarsa. Na'ura ta ɗauki suna daga can, ta share sararin gefe, ta mayar da shi manyan baƙaƙe, ta gwada da nawa jerin. In sun zo ɗaya ta ƙulla masa makinsa, ta jera daga sama zuwa ƙasa, ta yanke ashirin na farko. Wanda bai zo ɗaya ba ta wuce shi shiru. Ban sa ta gaya mini wanda ta wuce ba. Ɗan koyo ne ni, kuma ban kira malamin ya duba mini ba saboda ina son a ce ni kaɗai na yi.

Tunda ɗana yana ciki, ni da kaina na nemi kada faifan sakamako ya shigo hannuna sai ranar fitar da sunaye. Aka kawo shi a ambulan a liƙe. Da hantsi kwamiti ya taru, aka tayar da janareta, ofis ya cika har taga. Shugaba ya farke ambulan a gaban kowa, na zura faifan, na danna. Kafin mutum ya gama gyara hula takarda ta fito. Shugaba ya sa hannu, aka manna ɗaya a bango, aka ajiye ɗaya da za a kai wa manyan gidauniyar a Kano. Ni na karanta sunayen da ƙarfi. Na kai na ashirin, wata yarinya daga Indabo, ban ga nawa ba. Mutane suka riƙa kallona da wani irin girmamawa, na ji wani yana cewa ga shi ko ɗan sakatare bai samu ba, wannan karon gaskiya aka yi.

Na koma gida da wuta a cikina, na sauke ta a kan yaron. Na ce ya kunyata ni a gaban jama'a, na ce zaman bakin gada da kallon ƙwallo sun fi masa littafi, alhali na san sau nawa yake fita. Yana tsugune, kansa a ƙasa. Uwarsa tana bakin murhu tana jinmu. Wannan faɗan har yau in na tuna shi sai in ji abinci ya fita daga raina.

Ranar Juma'a mahaifin yarinyar Indabo ya nemo ni bayan an sauko daga masallaci. Manomi ne, rigarsa ta sha wanki har ta yi haske a kafaɗa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi ta addu'a, ya ce bai san kowa ba, bai gaida kowa ba, ga 'yarsa a bango. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, abin da na'ura ta ƙulla ba mai kwance shi.

Washegari da safe ɗana ya zo gaishe ni, ya gama bai tashi ba. Ya ce jiya a kasuwa ya gamu da tsohon malaminsa, ɗaya daga cikin waɗanda suka duba takardun, har ya yi masa murna, ya ce takardarsa tana cikin na sama. Ya ce, "Baba, ko za a duba?" Na daka masa tsawa na ce na'ura ba ta kuskure. Amma ban iya karya kumallo ba. Na ɗauki mabuɗin ofis na fita, ranar Asabar, ba kowa sai maigadi.

Na buɗe faifan sakamako, ga shi nan, sunansa na yanka da sunana a gefe, da maki mai kyau. Na buɗe nawa jerin na gangara layi na ƙarshe. Na daɗe ina kallon allon. Na'urar ba ta yi kuskure ba, abin da na ba ta shi ta gwada, sitirin biyu ne da ko harafin farko bai haɗa su ba. Na ce innalillahi ya fi a ƙirga. Na bi sauran sunayen kaf ko akwai wani da aka wuce, babu, domin kowa daga takarda na kwafe shi. Yaro ɗaya tak na rubuta da ka.

Daga nan gidan shugaba na nufa. Na same shi a zaure, na zube na faɗa masa komai, har da abin da na rubuta a gefen littafina na ɓoye. Na zaci zai yi faɗa. Dariya ya yi, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Ya ce takardar Kano sai Litinin za ta tafi, ta bango kuma ruwa ma yana iya cire ta. Ya ce, "Gyara mana, Sakatare. Ɗanka ne, kuma ya ci. Amma ka sani, in ƙofar nan ta buɗu ina da mutum uku da suka hana ni sakat. Ba zan ce musu ta buɗe wa naka ta rufe wa nasu ba." Na roƙe shi a mayar da gurbin ashirin da ɗaya. Ya ce shi ba shi ya yanka ba, ashirin aka ba shi. Na ce to a shigar da nawa kaɗai tunda haƙƙinsa ne. Ya ce haƙƙi ne, amma wa zai yarda? Sakatare ya ce ba a gyarawa, sakatare ya gyara wa ɗansa. Ya ce in je in yi tunani zuwa Litinin da safe.

Na koma ofis da rana tsaka. Na zauna na ƙulla sabon tuful. A karo na farko a rayuwata na buga sunan mahaifina a matsayin sunan ɗana, sai da na goge sau biyu. Layi ɗaya ne, kamar yadda malamin ya ce. Na danna. Ya fito na huɗu. Na huɗu cikin kusan ɗari uku, yaron da na ce ya kunyata ni. Yarinyar Indabo ta faɗo ta ashirin da ɗaya, kuma na san in na kai wannan takardar wasu uku za su bi ta, 'ya'yan waɗanda ba su san kowa ba. Na zauna har janareta ya fara tari. Sannan na goge layin na mayar da na da, na kashe.

Mutanen da suka ji labarin daga baya sukan ce na yi gaskiya. Ni ban sani ba. Na tuna hannun manomin nan, gaskiya ne. Amma na tuna takun da nake yi a hanyar masallaci, na tuna manyan rigunan da na zaunar na nuna musu jan rubutu, na ji ba zan iya tsayawa a ce mini maƙaryaci ba. Wanne ya fi nauyi a ranar, Allah kaɗai ya sani, kuma ina tsoron amsar.

Bayan la'asar na kira ɗana da uwarsa. Ban iya kallonsa ba, tabarma na kalla na faɗa. Na ce ya ci, ya zo na huɗu, ni na rubuta sunan gida, kuma ba zan gyara ba. Na so ya yi kuka ko ya tashi ya fita, ko ya faɗa mini baƙar magana in samu abin riƙewa. Sai kawai ya ce, "Ba komai, Baba. Haka Allah ya so." Ya nemi izini ya tashi. Uwarsa ce ta tsaya. Matar da ba ta taɓa sa baki a sha'aninsa a gabana ba saboda kunya, ranar ta ajiye kunyar. Ta ce, "Malam, 'ya'yan mutane ka duba takarda. Naka ne bai isa a duba masa ba." Tana gama faɗa ta juya ta fita.

Ran Litinin takarda ta tafi Kano yadda take. Bayan mako uku ta dawo da sunayen waɗanda za su tafi. An ja layi da biro a kan biyar, an rubuta wasu a sama da hannu. Ko wahalar sake bugawa ba su yi ba. Mutum ukun shugaba suna ciki, da wasu biyu da ko jarrabawar ba su zauna ba. Yarinyar Indabo tana cikin waɗanda aka soke. Ubanta ya zo ofis sau biyu yana nemana, sau biyun ina jin muryarsa na fita ta ƙofar baya. Ashe tun farko tsaron banza nake yi, na ƙulle taga ƙofa tana hangame. Da na gyara da ban gyara ba, yarinyar ba za ta je ba. Bambancin kawai nawa zai je.

Na ce wa ɗana baɗi zai sake, zan rubuta daidai. Baɗi aka karɓe aikin daga hannuna aka ba wani da ya fi ni sauƙin kai, ba a ma yi jarrabawa ba. Shekarar da ta biyo gidauniyar ta mutu, manyan sun yi faɗa a kan takara. Yaron ya zauna shekara biyu yana koyar da yara lissafi a wata makarantar unguwa, yana ramewa, yana gaishe ni safe da yamma kamar ba abin da ya faru. Ran nan ya zo ya ce ya samu wani mai kai shanu Kudu daga kara, wato kasuwar shanu, yana neman wanda ya iya rubutu. Na ce ya dakata mu ga abin da hali zai yi. Ya ce to. Juma'ar da ta zagayo ya hau mota.

Ban sake rubuta wa na'ura umarni ba. Wasiƙa kawai na riƙa bugawa har na yi ritaya, kuma in sababbin ma'aikata suka ce an ce na iya, sai in ce ƙarya ake yi mini. Ɗana kuwa yana can Kudu har yanzu, ya yi aure, yana da 'ya'ya huɗu, cinikin shanun yake yi. Duk Juma'a yana kirana a waya, bai taɓa fashi ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa tayar da zancen ba. Sai dai in na ɗaga ya yi sallama, sai ya faɗi sunansa na yanka cikakke, kamar mai magana da ofis, alhali ya san na san muryarsa. Sannan ya ɗan yi shiru. Ina jin numfashinsa, ina jin kukan shanu a bayansa, na kuma san abin da yake jira. Nakan buɗe baki, wallahi nakan buɗe. Sai in ji na tambaye shi yaya ruwa a can.